Raket ɗin da rula ta ce kansa ba nauyi: nazarin wani lamari daga Garwa

Wannan bayani ne a kan raket ɗaya na badmintin da kuma mai shi, wani ɗalibi ɗan shekara 16 cikin yaran da nake koya wa wasan a Garwa. Na ga ya dace a rubuta shi dalla-dalla, domin a nan Arewacin Kamaru samun wanda zai auna maka raket abu ne mai wuya, kuma yawancin raket ɗin da ke hannun yaranmu na hannu ne, ko daga gwanjo, ko wani ɗan'uwa ya zo da shi daga Duwala ko Yawunde. Kowa da dabarar da yake yi wa nasa, wata ta yi amfani, wata ta jawo ciwo.

Kukan da ya zo da shi

Yaron ɗan wasan bibbiyu ne, kuma gaba yake tsayawa, kusa da raga, inda saurin ɗaga raket ya fi ƙarfin duka muhimmanci. Tun da ya canza raket sai wasansa ya ja baya. Ƙwallon da a da yake tarewa tun tana saman raga, yanzu sai ta wuce kafaɗarsa kafin ya ɗaga hannu. Idan aka sauke masa duka mai ƙarfi ta hagu, a makare yake kai wa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda na ga yana matsa sangalin hannunsa, daf da gwiwar hannu ta waje, duk lokacin da aka tsaya shan ruwa.

Da na tambaye shi sai ya ce, "Malam, ai an riga an gyara shi. Yayana ya auna, ya ce yanzu nauyin ya koma baya."

Yayan nasa mai gyaran babur ne, shi ya saya masa raket ɗin da kuɗin guminsa, kuma mutum ne mai kaifin basira. Da ƙanin ya yi masa kukan cewa kan raket ɗin ya yi nauyi, sai ya bincika a waya, ya ga jadawalin da ake yawan yaɗawa: idan wurin daidaiton raket, wato inda za a ɗora shi ya tsaya bai rinjaya ko'ina ba, ya haura milimita 295 daga gindin mariƙi, mai nauyin kai ne; tsakanin 285 da 295 matsakaici ne; ƙasa da 285 kuma kansa sakayau ne. Ya ɗora raket a yatsa, ya ga ya haura 310. Sai ya ɓalle murfin gindin ya cusa noti a ciki, ya yanko robar cikin tayar keke ya naɗe mariƙin da ita tam, ya sake aunawa, ya ga lambar ta sauko ƙasa da 285. A lissafinsa aiki ya kammala. Kuma maganar gaskiya, lambar ta sauko ɗin. Hannun yaron ne bai shaida ba.

Yadda muka auna

Na ce ya zo da raket ɗin yadda yake, kada ya taɓa komai, ya kuma gayyato yayan nasa. Kayan aikinmu ba su da yawa: rula ta ƙarfe mai tsawon mita ɗaya, fensir mai zagaye da muka manne a kan tebur, da ƙaramin sikelin lantarki irin na masu sayar da zinariya, mai nuna ɗigo ɗaya bayan giram.

Kafin komai sai da muka gwada sikelin kansa. Takardar A4 da aka rubuta 80 a kwalinta, ma'anarta giram 80 ne a kowace murabba'in mita, kuma falle 16 ne ke cika murabba'in mita ɗaya. Ke nan kowane falle giram 5 ne, falle goma giram 50. Muka ɗora goma, sikeli ya ba da abin da ake tsammani. Muka kashe fanka, muka rufe taga, domin ko iskar fanka kaɗai tana isa ta riƙa karkatar da raket ɗin da aka ɗora a kan fensir.

Ɗora raket a yatsa ba ya ba da lamba ta gaskiya. Faɗin yatsa ya haura santimita ɗaya, alhali dukan tazarar da ke tsakanin mai nauyin kai da sakayau a jadawali santimita ɗaya ce. Shi ya sa ake son abu siriri mai zagaye. A kwantar da raket fuskarsa na kallon sama, a ɗora sandarsa a kan fensir, a riƙa turawa kaɗan-kaɗan har ya tsaya bai rinjaya ko'ina ba. A sa alama a wurin, a auna daga can ƙarshen murfin gindi zuwa alamar. A maimaita har lambar ta daina sauyawa.

Raket ɗin yadda ya zo: nauyi giram 110, wurin daidaito milimita 278, tsawo milimita 675.

Giram 110 ɗin nan kaɗai ya isa ya sa a tsaya. Masu ƙera raket suna rubuta ajin nauyi a jikinsa, galibi a mazugin da ke saman mariƙi: 2U daga giram 90 zuwa 94, 3U daga 85 zuwa 89, 4U daga 80 zuwa 84, 5U daga 75 zuwa 79, duka kafin a sa zare. Na yaron 3U aka rubuta. Ko an haɗa da zare da naɗin mariƙi ɗaya, bai kamata ya kai 100 ba.

Daga nan muka yi awo na biyu, wanda a ganina ya fi na farkon faɗin gaskiya, ko da yake ba a cika maganarsa ba. A ɗora can ƙarshen gindin raket a kan wani abu mai tsayi daidai da sikeli, misali littattafai da fensir a kai, sannan a ɗora can ƙarshen kai a kan sikeli, raket na kwance daidai ba karkata. Abin da sikeli ya nuna shi ne rabon nauyin da ke faɗawa ɓangaren kai. Namu ya nuna giram 45.4. Na ce yaron ya rubuta.

Sai muka fara tuɓe shi ɗaya bayan ɗaya. Muka warware robar, giram 10. Muka ciro notin, giram 6. Raket ya dawo giram 94, wurin daidaito ya yi tsalle zuwa milimita 316. Yayan ya ce, "Ka gani ko, Malam? Haka yake da farko." Na ce ya ɗan dakata mu sake ɗora kan a sikeli. Ya nuna 44.0. Wato giram 16 ɗin da aka loda wa mariƙi ya ja lambar rula baya da milimita 38, amma bai rage wa kai ko ƙwayar gero ba. Ƙari ma ya yi masa na giram ɗaya da ɗan wani abu.

A lokacin ne hankalinmu ya kai ga abin da ke gabanmu tun farko. Saman kan raket ɗin, daga wajen ƙarfe 10 zuwa ƙarfe 2 idan aka ɗauki kan a matsayin fuskar agogo, an lulluɓe shi da baƙin salatif na masu aikin lantarki. Da yake firam ɗin ma, wato zagayen da ke riƙe da zare, baƙi ne, ga ƙura ta hau, ba ya saurin jan ido. Da shi aka sayo raket ɗin, yaron ya ɗauka haka kamfani ya yi shi. Mai shi na farko ya sa ne don kare firam daga gogar siminti, kuma duk lokacin da ya cinye sai ya ƙara wani a kai. Ninki uku muka ɓare. Muka dunƙule shi muka ɗora a sikeli, giram 3 cif.

Raket tsirara, da zarensa da naɗin kamfani kawai: giram 91, wurin daidaito milimita 305, rabon kai giram 41.1.

Abin da lambobin ke faɗi

Wurin daidaito matsakaici ne kawai na inda nauyi ya bazu. Kowane giram ana ninka shi da nisansa daga gindi, a tara, a raba da jimillar nauyi. Saboda haka hanya biyu ce ta ja shi baya: ko a rage a gaba, ko a ƙara a baya. Rula ba ta bambanta su. Hannu kuwa yana bambantawa sarai, don shi ba ɗora raket yake yi a kan fensir ba, wulwula shi yake yi daga inda ya riƙe. Wanda ya ɗaura dutse a gindin ƙotar gatari ya san ruwan gatarin bai rage nauyi ba, sai dai ya ƙara wa kansa kaya.

Wahalar da hannu ke sha wajen wulwula abu tana tafiya ne da nauyi a ninka da nisa, a sake ninkawa da nisan, nisan daga wurin riƙo. Mu ɗauka yaron yana riƙe a santimita 8 daga gindi. Salatif ɗin yana wajen santimita 64, tazara 56 ke nan. 56 sau 56 ya ba da 3,136, sau giram 3 ya zama 9,408. Notin kuwa yana santimita 1, tazara 7, 49 sau 6 ya ba da 294. Robar, da yake a ƙarƙashin tafin hannu take, ita ma ba ta kai 300 ba. Duka biyun a haɗe ba su kai 600 ba, kuma ƙari ne a kan wahalar, ba ragi ba. Giram 3 na can sama ya fi giram 16 na ƙasa tasiri fiye da sau goma sha biyar. Idan aka kwatanta da dukan nauyin wulwulawar raket irin wannan, salatif ɗin nan ya ƙara masa kusan kashi ɗaya cikin goma. Ga ɗan wasan gaba, wanda ƙwallo ke iso masa cikin ƙiftawar ido, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yayan, da yake ma'abocin ƙarfe ne, tun kafin in gama lissafin ya riga ya gane. Ya ce haka sifana take, doguwa da gajera ba ɗaya suke a hannu ba.

Akwai kuma kuskure na biyu da jadawalin kan jefa mutane ciki. Lambobin nan na 285 da 295 galibi na raket ne da ba a sa wa zare ba, kuma kamfanoni ma ba su haɗu a kan iyaka ɗaya ba. Zaren raket yana kai giram 3 zuwa 4, yana zaune wajen milimita 550 daga gindi, don haka shi kaɗai yana tura wurin daidaito gaba da kusan milimita 10. Idan muka cire wannan daga 305 ɗinmu, raket ɗin yaron ya fito daga kamfani yana wajen 295, nauyinsa giram 87 da rabi. Ke nan 3U ne na gaskiya, yana kan iyakar matsakaici da mai nauyin kai. Ba mugun raket ba ne ko kaɗan. Duk wanda ya auna nasa da zare a jiki ya kwatanta da jadawali, zai zaci kansa ya fi yadda yake nauyi.

Robar kuma tana da nata laifin da bai shafi nauyi ba, kuma ina zargin ita ce rabin ciwon hannun. Mariƙin raket gefe takwas gare shi. Waɗannan gefuna su ke gaya wa yatsu inda fuskar raket take kallo, a kan mai faɗin ne ake kafa babban yatsa idan za a mayar da ƙwallo ta hagu. Robar ta shafe su, mariƙi ya zama ƙato mulmulalle, ga santsi idan gumi ya zubo. A Garwa kuwa, musamman Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ba a minti biyar da fara wasa sai tafin hannu ya jiƙe. Dole yaron ya damƙe da dukan ƙarfinsa tun daga farkon wasa har ƙarshe. Badmintin kuwa da sakakken riƙo ake yinsa, sai daidai lokacin duka yatsu su matse. Tsokar da ba ta samun wannan hutun, ita ce ke kuka a gwiwar hannu.

Gyaran

Gyaran bai ci mana komai ba sai kuɗin naɗi ɗaya. Muka goge ragowar gam ɗin salatif da tsumma. Muka duba firam da kyau ko salatif ɗin yana ɓoye tsagewa, wanda ya kamata duk mai sayen raket na hannu ya duba kafin ya biya. Fenti ne kawai ya goge, sai 'yan bututun roba biyu da zare ke bi ta ciki da suka cinye, muka ajiye maganarsu sai ranar sake zare. Muka mayar da murfin gindi babu noti. Muka naɗa siririn naɗi ɗaya na raket mai giram 6 a kan na kamfani, ba tare da yawan haɗa baki ba, yadda gefunan za su ci gaba da jiyuwa a yatsa.

Awon ƙarshe: giram 97, wurin daidaito milimita 292, rabon kai giram 41.9.

A lura da abin da ya faru. Lambar rula ta tashi daga 278 zuwa 292, wato a jadawali kai ya ƙara nauyi. Amma raket ya rage giram 13, rabon kai ya sauko da giram 3 da rabi, kuma da yaron ya wulwula shi sau biyu sai ya tsaya yana jujjuya shi a hannu, ya ce kamar an canza masa wani.

Saura matsalar da ta sa aka liƙa salatif tun farko, don filinmu ma siminti ne. Dokar hukumar badmintin ta duniya ba ta hana liƙa abu a raket ba, muddin don kare shi daga lalacewa ne, ko rage girgiza, ko daidaita nauyi, kuma girmansa da wurinsa ba su wuce hankali ba. Sai dai mita ɗaya ta irin wannan salatif ta haura giram 4. Na yarda masa da ɗan guntu ninki ɗaya, wanda bai wuce tsawon yatsa ba, a daidai inda ke gogar ƙasa, idan ya cinye a ɓare shi kafin a sa sabo. Na kuma hana shi kwasar ƙwallo daga ƙasa da bakin raket. A dandamalin katako ko na roba wannan ado ne, a siminti kuwa kankare firam ne.

Game da hannun, na dakatar da shi daga duka mai ƙarfi na wani ɗan lokaci, ya koma atisayen ƙafa da na yatsu. Na gaya wa yayan a gabansa cewa idan ciwon bai lafa ba, ko ya fara tashinsa daga barci, ko ya ji yatsu suna mutuwa, a kai shi asibiti. Sikeli da rula ba sa maganin jijiya.

Abokin wasansa

Ganin haka sai abokin wasansa, mai tsayawa baya, ya kawo nasa da buƙatar akasin wannan. Raket ɗinsa 4U ne, giram 86 da zare, wurin daidaito 293, yana jin dukansa ba ya sauka da nauyi. Ƙara wa kai nauyi shi ne gyaran da ke yiwuwa da gaske, kuma lissafinsa mai sauƙi ne: nauyin da za a ƙara, sau tazararsa daga wurin daidaito na yanzu, a raba da sabon jimillar nauyi. Giram 1 a ƙarfe 12 zai matsar da shi milimita 4. Giram 1 a ƙarfe 3 da wani giram 1 a ƙarfe 9 za su matsar da shi milimita 6, su kuma rage murɗewar fuska idan ƙwallo ta bugi gefe. Na fi son na biyun ga yaro mai koyo, amma da rabin giram a kowane gefe muka fara, kuma dole gefen biyu su zo daidai.

Wani cikin yaran ya kawo shawarar a samo dalmar da masunta ke ɗaura wa taru a bakin Binuwai, a daddake ta ta yi fale-fale a liƙa. Na ƙi, kuma zan ci gaba da ƙi. Dalma guba ce, tana taruwa a jiki, ta fi yi wa yara illa, ga shi raket a gidajenmu yana yawo daga hannun wannan ƙani zuwa wancan. Ana yin salatif na musamman mai ƙarfen tangistin don wannan aiki, idan ba a samu ba, salatif ɗin lantarki da aka auna a sikeli ya wadatar. A dai riƙa dubawa, don zafinmu yana narkar da gam, abu ya zame daga inda aka sa shi, musamman idan an bar raket a rana ko a cikin mota.

Bayan gyara

Saurin yaron a gaban raga ya dawo, ciwon kuma ya lafa bayan hutun. Da farko ya yi ƙorafin cewa idan ya koma baya dukansa ya rage ƙarfi, kuma gaskiyarsa ne, wani ɓangare na ƙarfin nan salatif ne ke ba shi. Sai da ya koyi matse yatsu a kan lokaci kafin ya mayar da gurbin.

Raket ɗin dai har yanzu 3U ne mai ɗan rinjaye gaba, kuma babu naɗin da zai mai da shi irin wanda ɗan wasan gaba ya fi buƙata. Abin da ke cikin firam ba ya ciruwa. Kankare fenti ko huda firam don rage nauyi, kamar yadda na ji wasu na yi, hanya ce ta karya shi. Kamfanoni tun wajen ƙira suke raba su, Yonex misali tana da jerin Astrox masu nauyin kai, Arcsaber matsakaita, da Nanoflare masu sakayau ɗin kai. Mun yi da yayan cewa idan Allah ya hore aka tashi sayen wani, 4U za a nema, matsakaici ko sakayau, a je da rula da ɗan sikelin, a ɓare duk abin da aka liƙa a kai kafin a auna, a kuma cire milimita 10 daga lambar idan akwai zare.

Yanzu kowane raket a ƙungiyarmu yana da shafinsa a littafi: jimillar nauyi, wurin daidaito, rabon kai, da abin da ke jikinsa ranar da aka auna, mariƙi a bushe. Masu naɗin tawul su ne suka fi buƙatar wannan sharaɗi na ƙarshe, don tawul yana shan gumi ya ƙara nauyi, lambar safe ba za ta zo ɗaya da ta bayan wasa ba. Ana sake awo duk lokacin da aka canza zare ko naɗi.